Daga Waya Zuwa Waya: Hanyar da Rufe Sabis Bai Toshe Ba a Arewacin Zamfara

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ce ta nemi hakan, bisa hujjar cewa 'yan bindiga da infomominsu da waya suke kitsa hare-hare. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, su kuwa Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sai da suka ƙara shafe makonni. Ba kira, ba tes, ba turin kuɗi, masu POS sun naɗe tabarma. Wanda ya matsu ya ji muryar ɗansa da ke Legas, sai ya hau mota zuwa Funtuwa ko wani garin da ke da sabis.

Duk da haka wayoyin mutane ba su bushe ba. Fim da wa'azi da waƙa da bidiyon abin da ya faru a wani ƙauye sun ci gaba da yawo daga aljihu zuwa aljihu, ta Xender da Bluetooth da katin memori. An kashe turaku, amma akwai wata hanya a ƙarƙashinsu wadda ba ta taɓa dogara da su ba. Masana kwamfuta suna kiran irinta musayar fayil tsakanin takwarori, kuma sun shafe fiye da shekara ashirin suna nazari a kanta. Ya kamata masu mulki da malaman makaranta da masu shirya fim su fahimci yadda take aiki, domin a yankin da data ke tsada, sabis ke ɗaukewa, hanya kuma ba ta da tabbas, ita ce ta fi kowace kafa isa ga talaka.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha a Ƙaura ya san rumfar masu turi. Tebur ne da laftof ɗaya wadda madanninta suka goge, da hadis biyu ko uku, da tarin wayoyi suna caji a jikin katako, ga farantin sola a kan rufi. Yaro ya zo da memori a ƙulle cikin 'yar takarda, ya ce, “Yaya, Inna ta ce a sa mata tafsirin bana da ci gaban Labarina, in da sauran wuri a ƙara Indiya-Hausa.” Mai turi ya zura katin, ya ja fayil daga nan zuwa can, cikin 'yan mintuna an gama. Da yamma fim ɗin ya shiga wayar maƙwabciya, washegari ƙaninta ya tafi da shi Shinkafi, jibi yana Gurbin Ɓore a bakin iyakar Nijar. Mutum ɗaya ne ya sayi data ya sauke, ɗaruruwa suka kalla.

A intanet ta yau da kullum ba haka abin yake ba. Idan mutum ya buɗe YouTube ko Facebook, wayarsa tana roƙon wata babbar kwamfutar kamfani, wadda ake kira saba, ita kuma ta aiko masa. Mutum ɗari a Zurmi suka nemi fim mai nauyin gigabait ɗaya, to sai an jawo gigabait ɗari ta turke guda, kowa kuma ya biya nasa. Yawan masu nema nauyi ne a kan sabar. Idan ta faɗi, ko aka yanke hanyar zuwa gare ta, kowa ya rasa.

A tsarin takwarori kuwa, duk wanda ya karɓa ya zama mai bayarwa. Ɗaya ya ba ɗaya sun zama biyu, biyu su zama huɗu, a zagaye na goma an kai 1,024. Xender dai ba ta yin wani siddabaru: waya ɗaya ce ke buɗe 'yar ƙaramar tashar Wi-Fi, ɗayar ta shiga, fayil ya ratsa tsakaninsu kai tsaye a tazarar 'yan taku, ba tare da ya bi ta turken MTN ko Airtel ba. Shi ya sa ba ta cin data, shi ya sa kuma ta fi Bluetooth sauri nesa ba kusa ba.

Duniya ta fara sanin ƙarfin wannan tsari ne a 1999, lokacin da wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster. Waƙoƙin suna cikin kwamfutocin jama'a, amma kundin da ke nuna wa ke da me yana hannun kamfanin. Nan ne lagonsa. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ma ta shigar da tata a 2000, kuma a Yulin 2001 Napster ta rufe. Sai dai tun kafin ta rufe an riga an fito da Gnutella, wadda ba ta da kundi a tsakiya: kwamfutarka ta tambayi maƙwabtanta, su ma su tambayi nasu, har a dace da mai fayil ɗin. Babu ofishin da kotu za ta sa wa kwaɗo, amma tambayoyin sukan cika hanya har tafiya ta yi nauyi.

Wanda ya warware matsalar shi ne Bram Cohen, da ya fito da BitTorrent a 2001. Dabararsa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zaurukan karatun ƙasar Hausa. Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. Idan ɗalibai goma suna son kwafin littafi ɗaya, ba sai na farko ya gama kafin na biyu ya fara ba. Malam zai iya raba musu warƙoƙin, kowa ya kwafi nasa, sannan su yi ta musaya a junansu har kowa ya haɗa cikakke, shi kuwa malam sau ɗaya kawai ya fitar da littafinsa.

Haka BitTorrent ke yi. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, ɗaruruwa ko dubbai, kowace daga 'yan ɗaruruwan kilobait zuwa 'yan megabait. Mai nema yana fara samun wata 'yar takardar bayani da ke ɗauke da sunan fayil da girmansa da jerin gunduwoyinsa. Wata kwamfuta mai aikin dillanci ta ba shi adireshin sauran masu neman fayil ɗin da masu cikakken kwafi, amma ita kanta ba ta riƙe da ko gunduwa ɗaya. Daga nan sai ya riƙa karɓar wannan gunduwa daga Masar, waccan daga Indiya, wata daga Kano, duk a lokaci guda, yana kuma miƙa waɗanda ya samu ga wasu tun bai kammala ba. Tun daga 2005 ma an raba aikin dillalin a tsakanin mahalarta, kowa ya riƙe ɗan yanki na kundin adireshi, ta yadda ko an kama dillali tafiya ba ta tsayawa.

Ƙa'idoji uku ne suka riƙe tsarin. Ta farko, manhajar tana fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a cikin taron, don kada mai ita ya kashe kwamfutarsa ta ɓace. Ta biyu, ba ni in ba ka: kowace kwamfuta tana fifita 'yan kaɗan da suka fi ba ta, tana sake duba lissafin duk bayan daƙiƙa goma, sannan duk bayan daƙiƙa talatin ta buɗe ƙofa ga wani baƙo don sabon shiga ya samu abin farawa. Ta uku ita ce mafi muhimmanci. Kowace gunduwa tana da wata doguwar lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinta. Ko ɗigo ɗaya aka sauya, lambar za ta bambanta. Da gunduwa ta iso sai a sake lissafi, in bai yi daidai da na takardar bayani ba a watsar da ita a nemo wata. Saboda haka mutum yana iya karɓa daga wanda bai sani ba, bai kuma yarda da shi ba, ya tabbata abin da ya samu shi ne ainihin abin da aka fitar.

Zuwa 2004 an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na zirga-zirgar intanet ta duniya ta wannan hanya take bi. 'Yan sandan Suwidin sun kai samame kan shafin The Pirate Bay, mai tara takardun bayanin BitTorrent, a ƙarshen Mayun 2006 suka kwashe kwamfutocinsa, bayan kwana uku ya dawo. A 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu da ke bayansa ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya, musaya kuwa ba ta tsaya ba. Su kansu manyan kamfanoni sun ari dabarar: Twitter da Facebook sun yi amfani da BitTorrent wajen raba sabbin manhajoji ga dubban sabobinsu, Windows 10 kuma tana barin kwamfutocin ofis ɗaya su karɓi sabuntawa daga junansu. Fasahar ba ta san halal da haram ba, abin da aka ɗora mata take kaiwa.

To, idan aka auna rumfunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da wannan ma'auni, me za a gani? Suna da yaɗuwa, suna da juriya, suna da arha. Abin da suka rasa shi ne ƙa'ida ta uku, wato tantancewa, kuma a yankin da ke fama da rashin tsaro wannan rashi yana iya cin rai. Bidiyon harin da aka kai shekara uku da suka wuce, ko wanda aka ɗauka a wata ƙasa, yana iya shigowa gari a matsayin na jiya da daddare. Muryar da ba a san mai ita ba ta ce an ga babura sun nufo kasuwa, kafin azahar an watse. Bidiyoyin barazana da ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa ke saki ba sa buƙatar kowa ya mallaki data, mutum ɗaya ya sauke ya isa. Fayil a memori ba ya zuwa da kwanan wata ko sunan wanda ya ɗauka.

A nan ne rufe sabis ya bar baya da ƙura. Ya hana mutum ya kira ɗan'uwansa a Dauran ko Moriki ya tambaye shi ko gaskiya ne, amma bai hana jita-jitar tafiya ba. Ƙarya tana da ƙafa ta memori, gaskiya kuwa an datse mata layi, sai dai a jira BBC Hausa ko RFI ko DW da yamma. Katsina da Sakkwato da Kaduna duk sun bi sahun Zamfara a wasu ƙananan hukumominsu a wancan lokaci, kuma ga shi har yau ana kai hare-hare. Duk gwamnatin da za ta sake tunanin wannan mataki ta tuna da Napster: tsakiya kawai ake iya rufewa.

Akwai kuma haɗarin da ke kusa da jiki. Mai miƙa wayarsa ko katinsa a rumfa ya miƙa hotunan iyalinsa da saƙonninsa. Manhajar da aka turo daga wayar aboki, ba daga shagon Google ba, tana iya zuwa da ƙwayar cutar da za ta saci lambar sirrin banki. Su ma manhajojin turin ba a rasa zargi a kansu ba, domin Xender da SHAREit suna cikin manhajojin China 59 da Indiya ta haramta a Yunin 2020 bisa dalilin tsaron bayanai. Wayoyin Android na yanzu suna zuwa da Quick Share a cikinsu, wadda ke yin aikin ba tare da tarin tallace-tallace ba, amma kaɗan ne suka san da ita.

Sai batun haƙƙin mai abu, wanda ba a kauce masa. Kasuwar kaset da faifan CD da ta ciyar da dubban mutane a Ƙofar Wambai da Bata a Kano ta durƙushe, kuma turi yana cikin abin da ya kayar da ita. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, ranar da ya fito ya shiga hadis ɗin kowace rumfa daga Kano zuwa Agadas, ko sisi ba ta dawo masa ba. Wannan zalunci ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ma ta hana. Shi ya sa masu shiri irin su Izzar So da Labarina suka karkata ga YouTube da talabijin, inda talla ke biya. Amma kallon da aka yi ta memori a Zurmi ba ya shiga lissafin YouTube.

Kame ba zai magance wannan ba, kamar yadda bai magance a Turai da Amurka ba. Abin da ya rage satar waƙa a can shi ne hanyar halal mai sauƙi: shagon iTunes a 2003 da waƙa ɗaya a kan senti 99, sannan Spotify a 2008, wadda ita kanta da tsarin takwarori ta riƙa raba waƙoƙi har zuwa 2014. Mai rumfa a Shinkafi ɗan kasuwa ne da ya riga ya tara masu saye, yana da wuri sananne, yana son ya samu sabon fim kafin abokin gasarsa. Idan ƙungiyoyin masu shirya fim suka ba shi lasisi a kan kuɗin wata, suka riƙa ba shi kwafi mai kyau ranar fitowa, ya tashi daga mai cin haƙƙi ya koma dillali.

Turin ma yakan gina mai fasaha. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga yankin Tawa a Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba kamfanin da ya raba shi, ta waya da memori waƙoƙin suka ratsa Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga ciki a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya kuma nemo mai ita. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya da kiɗansa. Haka nan karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, har gobe suna isa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba.

A wannan yanki akwai dukiyar da rayuwarta ta rataya a kan waɗannan hadis-hadis. Makaɗi Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, makaɗi Kassu kuwa sunan Zurmi yake ɗauke da shi. Abin da ya rage na muryoyinsu ya taso daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori, sau da yawa ba suna, ba shekara, wani ma an yanke ƙarshensa. A BitTorrent fayil yana mutuwa ne ranar da mai cikakken kwafi na ƙarshe ya fita. Hadis ɗaya ya lalace a wata rumfa, wata waƙar da babu kwafinta a ko'ina ta tafi ke nan. Ƙa'idar fara ceton abin da ya fi ƙaranci ta shafi masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kai tsaye: a tattara, a rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar, a ajiye kwafi a wurare da yawa.

Babban abin takaici shi ne yadda hukumomi suka bar wannan hanya ga fim da jita-jita kawai. A Satumban 2021 ɗin nan, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun jihar. Yara suna gida, intanet a kashe, amma kusan kowane gida akwai wayar da ke karanta memori. Da an naɗi darussan lissafi da Turanci da kimiyya da Hausa an zuba su a rumfunan turi, da sun isa inda malami ba zai iya zuwa ba. Kayan aikin suna nan kyauta. Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Kolibri an gina ta ne musamman don darussa su riƙa ratsawa daga na'ura zuwa na'ura a inda babu sabis. A Kuba, inda intanet ta daɗe tana wahala, 'yan kasuwa sun shafe shekaru suna raba ƙunshin mako mai kimanin terabait ɗaya a faɗin ƙasar, a hadis, hannu da hannu.

Haka batun lafiya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Saƙon murya na minti uku, da bakin Zamfarci, kan alamomin tamowa, ko yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari lokacin amai da gudawa, zai shiga ɗakin matan da ba sa fita, ta katin da yaro ke kaiwa rumfa. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, masu komawa ga turi ƙaruwa za su yi.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A yi wa masu rumfa rajista ba don a tatse su ba, a riƙa ba su ƙunshin wata na darussa da saƙonnin lafiya da na noma, a ɗan biya su ladan sa wa duk wanda ya zo. Kowane saƙon hukuma ya fara da faɗin rana da wata da shekara da gari da sunan mai magana a cikin muryar kanta, yadda ko an sauya sunan fayil ba za a mayar da tsoho sabo ba. A koya wa masu turi ƙa'idar sana'a: ba buɗe hotunan mutane, ba tura bidiyon gawa ko na barazanar 'yan bindiga. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda ke nan tun 1983, tana da ɗaliban kwamfuta da ke neman aikin kammala karatu duk shekara. Ƙaramar manhajar da za ta duba hatimin lissafi na fayil ba tare da intanet ba, ta nuna kore idan daga ma'aikatar lafiya ko ta ilimi ya fito, ja idan an taɓa shi, aiki ne da za su iya gamawa a zango ɗaya, a fara gwada shi a rumfuna goma na cikin Ƙaura kafin a kai Shinkafi da Zurmi.